Fuskar Kakana a Kan Roba

Shekarun baya, ina aji biyu a karatun lauya, na dawo hutu Gagarawa da wani hoto da na kwafo daga littafi a laburare. Hoton wani masanin shari'a ne na ƙasar Italiya, wanda ya rayu wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Ba kyamara ce ta ɗauke shi ba. Wani gwani ne ya sassaƙa fuskar a kan farantin tagulla da layuka sirara kamar gashi, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Gemu, hula, har da tamojin goshi. Na manna shi a bangon ɗakina, don duk wanda ya shigo ya san akwai mai ilimi a gidan.

Goggona, yayar mahaifina, ta zo mana daga Sule Tankarkar. Ta tsaya a gaban hoton.

"Lauya, wannan malamin na wane gari ne?"

Na gyara murya na zuba mata bayani, har da cewa wasu hotunan irinsa sai bayan rasuwar masu su aka yi su. Da na gama, sai ta ce:

"Kakanka ma alƙali ne, kuma ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Ubanka yana goye kakan naka ya rasu. Ni kaɗai na rage da na san fuskarsa. Ran da aka binne ni, an binne ta."

Wani abokina ne ya ba ni labarin wani dattijo a Gumel, kusa da tasha, mai sassaƙa wa makarantu hatimi da reza a kan roba. Muka shiga mota ni da Goggo. Na nuna masa hoton Baturen, na ce irinsa muke so ya yi mana na kakana. Ya kai shi haske, ya daɗe yana bin layukan da ɗan yatsa.

"Wanda ya yi wannan bai san gaggawa ba," in ji shi. "Hajiya, ni haruffa nake yankawa. Amma ki faɗa, in gwada da fensir."

Ta faɗa: doguwar fuska, siririn hanci, saje mai furfura, farin rawani. Ya zana, ta girgiza kai. Muka koma, ya sake, ta girgiza kai. Da zirga-zirgar ta ishe ni, na ce, "Goggo, ai ya yi kama."

"Da wa? Ka san shi ne?"

Muka ci gaba da komawa.

Rannan ta ƙura wa takardar ido, can ta ce, "Malam, idanun ne. Rufe su."

"Hajiya, sai ya zama kamar mai gyangyaɗi."

"Haka yake zama. Ina yarinya ni ke kai ruwa zaure. In masu ƙara suna magana, runtse ido yake yi, don kada ya ga wa ya sa babbar riga, wa ya zo da tsumma."

Dattijon ya goge, ya ja layi biyu, ya miƙa mata. Goggo ta duba. Sai ta zame daga benci ta durƙusa a ƙasa, a bakin titi, ta ce a hankali, "Baba, barka da rana."

Daga baya ya sassaƙa fuskar a kan roba, muka yi ta bugawa da tawada muna raba wa jikoki, har da na Maigatari da na tsallaken iyaka. Goggo ta rasu bayan wasu damuna.

Ban san ko zanen ya yi kama da kakana sosai ba, kamar yadda ban san ko na Baturen ya yi kama da shi ba. Abin da ke burge ni har yau shi ne mutanen da suka ga mai adalci ya cancanci a duƙa a ɓata ido don kada a manta da shi, can a ƙasarsu da tagulla, nan a Gumel da reza. Yanzu ni ma ina zaman sauraren ƙara. Na gwada runtse idon, na tarar ba abu ne mai sauƙi ba: ko ido na rufe, kunne yana gane muryar mai kuɗi.