Filashin Tela

Shekara talatin Mai Hoto ya yi a shagonsa na bakin titi, ba wanda ya taɓa jin a'a daga bakinsa. Bencinsa na kowa ne, cajarsa ta kowa ce, kwamfutarsa kuwa ta zama tashar mota. Direba ya kawo filash a tura masa waƙa, tela ya kawo nasa neman samfurin ɗinki, duk a soka.

'Yarsa, mai aikin kwamfuta a wani ofis, ta yi magana har ta gaji.

"Baba, bairos ta filash yake yawo fa. Ka bari in sa maka abin da ke kama shi, a riƙa duba kowane filash kafin a buɗe."

"In nuna wa maƙwabcina ban yarda da kayansa ba? Ke dai ba ki da kunya."

Wata Laraba ya kunna kwamfuta, ya duba hotuna, wayam. Na biki da na fasfo ba su dame shi ba, masu su sun karɓa. Guda ɗaya ne ya tsaya masa a rai: marigayiya matarsa tana dariya a ƙofar shagon, ita da ta yi rayuwarta tana gudun kyamararsa. Kullum gobe zai wanke shi. Mai hoto guda, bai wanke nasa ba!

'Yar ta wuni tana fama, ta goge komai ta sake lodi, ta sa abin kama bairos.

"Ya cinye, Baba."

Sai ga tela da filash a hannu.

"A'a!" in ji Mai Hoto, har shi kansa ya firgita.

"Yau kuma? Hoton rigar marigayiya maman yaranka da ka tura min bara nake so a buga, wata ke son irin ɗinkin."

Tsoho ya fizge filash kamar ɗan shekara ashirin, zai soka, 'yar ta riƙe masa hannu.

"Sai an duba."

Aka duba, aka kama bairos bakwai, tela na ta rantsuwa bai san inda ya kwaso su ba. Sannan hoton ya buɗe, ga matarsa nan a ƙofar shagon tana dariya.

Mai Hoto ya share ido da hannun riga, ya wanke uku a ranar. Ɗaya a bango, ɗaya wurin 'yarsa, ɗaya ya ba tela ajiya.