Ƙungiyar da Na Sa a Ƙarshen Jeri

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir a Manchester, ina zaune a wani gidan haya a unguwar Ardwick. Ni mutum ce mai baki, ba zan ɓoye ba. Duk inda na zauna sai an yi dariya, kuma yawanci da wani ake yin ta. A lokacin ban ɗauki hakan laifi ba, gani nake baiwa ce.

Duk watan Satumba sababbin ɗalibai suna isowa daga gida, kowa da tambayar wace ƙungiya zai shiga, domin mu 'yan Arewa muna da ƙananan ƙungiyoyi a Manchester da Salford har Birmingham. Da na gaji da amsawa sai na zauna na jera su daga ta ɗaya zuwa ta bakwai, kowacce da laƙabinta. Tamu ce a sama mana, 'yan karatu. Ta Salford na ce 'yan gayu ne, ba sa gane hanyar laburare sai jarrabawa ta matso. A can ƙarshe na sa wata ƙungiyar mata ta unguwar Small Heath a Birmingham da ke haɗuwa ranar Lahadi su yi girki. Sau ɗaya na taɓa leƙa su, na ga maza suna shigowa suna fita da kulolin abinci, shi ke nan na yanke hukunci. Na rubuta cewa ba girki ne ya tara su ba, farautar maza ce, kuma shugabarsu ce ke riƙe da tarkon. Na tura a guruf ɗinmu na waya, aka sha dariya, har ana ce mini in ƙara.

Bayan wata huɗu wata ƙawata ta kira ni, babu ko gaisuwa. Ta ce shugabar nan an kusa sa mata rana a gida, dangin mijin suna cikin bincike kamar yadda aka saba, sai hoton jerin nan ya faɗa hannun gwaggon yaron. Sun ce a dakata. Ta kuma gaya mini mazan da na gani abinci suke kai wa ɗaliban da ke kwance a asibiti da matan da suka haihu ba su da kowa a ƙasar nan. Abin kunya, sai na fara kare kaina, na ce ai ban ambaci sunan kowa ba. Ta tambaye ni shugaba nawa ƙungiyar take da su. Ɗaya ce tal.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Shugabar ce ta buɗe mini ƙofa, hannunta duk gari. Ta san ni, ta kuma san abin da ya kawo ni, amma ta ba ni wurin zama, aka zubo mini tuwo, na kasa kai loma. Na ba ta haƙuri, na roƙi lambar gwaggon, a gabanta na kira. Na faɗa wa matar cewa ƙarya na yi, raha ce kawai. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce wadda ta iya yin ƙarya a rubuce, me zai hana ta yi a baki don ta wanke 'yar uwarta. Ta kashe wayar. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Shugabar ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce ta yafe nata, sauran matan kuma in nemi kowacce da kaina. Abu ɗaya ta tambaye ni, wai ranar da na zo minti nawa na yi a wurinsu. Na ce ban cika awa guda ba. Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini kula, ta ce tunda Manchester zan koma in kai wa wata ɗaliba da aka yi wa tiyata. Na kai. Auren dai bai yiwu ba.

Abin da na koya shi ne jera mutane ba adalci ba ne, ko da dariya aka yi shi. Laƙabin ƙungiya a kan mutum ɗaya yake sauka, mai iyaye da mutunci. 'Yan uwana ɗalibai, kafin ku ce 'yan ƙungiya kaza haka suke, ku tambayi kanku awa nawa kuka zauna da su, kuma ku tuna wayar da ke hannunku tana kai wa har gida. Ni na goge nawa tuntuni. Amma Satumban da ya wuce wata sabuwar ɗaliba ta turo mini jerin nan, ba ta san ni na rubuta ba, tana tambayata ko gaskiya ne ta guji matan Small Heath.