Ɗigon Dalmar da Bai Kama Ba

Shekarar da babban ɗana ya buɗe rumfar gyaran kayan lantarki a Konni, wani direban motar siminti daga Malbaza ya kawo mashi na'urar wasan bidiyo, a ƙara mata ɗan guntun da zai sa ta karɓi wasanni da yawa. Ya liƙa wayoyin, tele ta yi baƙi ƙirin. Abin ya dame shi, don in aikin farko ya ɓaci, wa zai sake kawowa?

Na kai mashi fura, na zauna. Hayaƙin dalma na tashi a hankali, sai na tuna ina yarinya a kasuwar Illela, gefen babana yana liƙin butoci, rana na wasa cikin narkakkiyar dalma. Na leƙa aikin ɗana. Ɗigo ɗaya ya yi toka-toka, ba ya sheƙi.

"Wannan bai kama ba," na ce. "Kakanka wurin liƙin yake gasawa, ba dalmar ba, sai dalma ta bi da kanta."

"Inna, wannan fa ba buta ba ce."

"Gwada dai."

Ya gwada, dalmar ta kwanta. Tele ta kawo haske, wata ƴar mota ja ta bayyana, tana jiran matuƙi.