Ƙarfen da Ya Zauna a Bayan Ševal

Zumreta malamar Turanci ce a Sarajevo, irin malaman nan da ba a yi musu tari a aji. Darasin da ɗalibanta suka fi tsana shi ne na fasassun abubuwa. Takan ce Ingilishi ba ya yi musu kuɗin goro. Fasasshen gilashi da tsingaro sunansu shard, sartsen itace splinter, abin da ya ɓalle daga bakin kofi chip, ɓarɓashin burodi kuwa crumb. Wanda ya cakuɗa su ya sha jan biro.

Mijinta Ševal direban taragon cikin gari ne, mutum mai barkwanci. In ya tarar tana duba takardun yara sai ya ce, "Malama, abin da ya fashe ai ya fashe. Sai an raɗa masa suna kamar jariri?"

"Kai dai ja taragonka," in ji ta, "ka bar mana boko."

Da yaƙi ya zo aka kewaye garin, makaranta ta rufe, tarago ya tsaya. Wasu likitocin agaji daga Ingila suka buɗe ɗakin jinya a ƙarƙashin wani bene, suka ɗauke ta tafinta. A nan ta ga amfanin darasin nata, ta kuwa so a ce ba ta gani ba. Likita sai ya san abin da ya shiga jikin mutum, domin ƙarfe yana fitowa a hoto, sartsen itace kuwa ɓuya yake har ya ruɓar da nama. Kullum tana durƙushe a kan wani, tana tambaya, "Baba, gilashi ne ko katako? Daure ka tuna."

Wata safiya Ševal ya tafi layin ɗiban ruwa da jarkoki, bam ya faɗo a tsakiyar layin. A kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi ɗakin jinyar. Likita ya ɗaga hoton, ya nuna mata wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba, manne da lakar bayansa. Ya ce in aka taɓa ƙarfen mutuwa ce, in aka bar shi kuma Ševal ba zai sake tafiya ba.

Ševal ya kamo hannun rigarta. "Me Baturen ya ce? Kada ki rage min komai."

Ba ta rage ba, ta faɗa masa kalma da kalma. Sai ya ce, "To wannan wane suna kuka ba shi?" Ta buɗe baki, kuka ya riga ta.

Bayan yaƙi an kira ta ta koma aji. Zango ɗaya ta yi ta ajiye, don babu mai juya Ševal a gado in ta fita. Suna hawa na biyar, na'urar hawa bene ta lalace ba a gyara ba. Tun yana tsokanarta har ya daina magana sai da ido. A ɗakin ya rasu, maƙwabta suka sauko da shi a bargo.

'Yarsu Amra, wadda ta tsere zuwa Kanada tun farkon yaƙi, takan bugo waya. "Mama, ki taho mana. Ke da kike jin Turanci, me zai ba ki wuya?"

"Sai sanyi ya wuce, 'yar nan," in ji Zumreta.

Haka take faɗa kowace shekara. Yanzu gwiwoyinta sun ƙi matakalar, sai wata maƙwabciya ke sayo mata burodi da gahawa in ta tuna.