Kasata, In Ji Usaid

Ranar Laraba, ƙarfe shida na safe, ɗana Usaid ya faɗo ɗakina da littafin rubutu a hannu, ko fuska bai wanke ba.

"Baba, sun yarda! Gobe bayan la'asar ni zan karanta. Da Hausa!"

Shekararsa ashirin da uku. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a unguwar Gubaira. A Riyad aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Shekara biyu da suka wuce ya je gyara a wani tsohon gidan gahawa a unguwar Dira, inda dattawan Larabawa mawaƙa ke haɗuwa duk Alhamis, ya liƙe musu. Bai taɓa samun damar karanta tasa waƙar ba.

Ƙarfe bakwai ya hau kujera ya gwada mana. "Ina kewar kasata!"

"Ƙasata," na ce. "Kasa maciji ce."

Mahaifiyarsa Salamatu ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. "Wayyo ni, na haifi mai kewar maciji!"

"Umma, wallahi kafin gobe zan iya."

Ƙarfe sha ɗaya ya kira ni a asibitin da nake aiki. "Baba, saurara. Kkkasata." Ƙarfe ɗaya ya sake kira. Ƙarfe huɗu ya dawo da sabuwar jallabiya mai jan ƙasa, yana tuntuɓe da ita, yana rusuna wa firij. Ƙarfe shida yana gaban madubi, ya riƙe maƙogwaro, yana fama da harafi guda.

Alhamis, ƙarfe tara da kwata na safe, ya faɗo daga hawa na uku a wurin aiki. Bai kai asibiti ba.

Kayan aikinsa mun ba abokinsa Maikuɗi. Jallabiyar, ladanin unguwarmu ne ya samu, ta yi masa daidai. Littafin kuwa, bayan mako uku na ɗauka, Maikuɗi ya raka ni Dira. Dattawan suka matsa mini, aka zuba gahawa, aka ce in karanta. Ban da mu biyu, babu mai jin Hausa a wurin.

Da na iso layin, na dubi rubutunsa. Babu lanƙwasa a kan harafin.

"Ina kewar kasata," na ce.

Maikuɗi ya fashe da dariya, ya rufe fuska da hula. Har yau littafin yana can, a kan kanta, kusa da butocin gahawa.