Jakadancina Zuwa Fadar Summerfield

Glenwood

Bayan sallar asuba ranar Asabar na fito daga ɗakina a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro, na tarar da Issoufou, ɗan Nijar mai taksi, yana jirana a bakin titi. Na daɗe a jami'a ina nazarin yadda sarakunan Turai na da suke ƙulla ƙawance da aure, a ba da 'ya a samu ƙasa. Hajiya Bilki, wadda ta riƙe ni farkon zuwana Amurka, ita ce ta fara gano amfanin karatun nawa: ni za a aika neman aure.

McLeansville

Rana na fitowa muka isa gidanta a tsakiyar gonaki. Ta ba mu kunun gyaɗa da ƙosai, sannan ta shimfiɗa dabarun yaƙi. Zaɓen shugaban ƙungiyar Hausawan Greensboro ya matso, mijinta na takara, ƙuri'un da yake buƙata kuwa suna hannun Alhaji Mamman na Summerfield. Alhaji yana da 'ya, Nana, nas ce. Hajiya tana da ɗa, Sadiq, wanda ba a ma tambaye shi ba. Ta turo mini hotonsa a waya, an gyara shi har sanƙon ya ɓace, tumbin ya koma ciki. Na ce mata wani sarkin Ingila ya taɓa aure saboda hoto irin wannan, auren bai kai shekara ba. Ta ce wannan matsalar Turawa ce.

Muka nufi arewa, muna wuce dawakan da suka fi ɗalibai samun abinci. Issoufou na ta waya da Faransanci ƙasa-ƙasa. Na ɗauka da matarsa yake.

Summerfield

Alhaji ya tare mu a ƙofa, ya yi wa Issoufou sannu da aiki, ya tambaye ni ko kunun Hajiya ya yi daɗi. Nan na gane wa Issoufou yake kai wa rahoto a waya. Bayan mun ci shinkafa da miyar kaji ya kira Nana, ya ce shi ba ruwansa, ta fi shi baki. Ta duba hoton ta tambaye ni ko ƙanen Sadiq ne.

"Anti Hadiza," in ji ta, "ki gaya wa Hajiya na gode. Ba aure nake nema ba, ƙuri'arta nake nema, don ni ma na fito takara. Sadiq ɗin ne ma yake mini kamfen."

Komawa gida

Daga cikin mota na isar da saƙo, don ban ga hikimar tsayawa McLeansville ba. Hajiya ta tambaya ko ana koya mana wani abu mai amfani a jami'ar nan, ta kashe wayar. Abin ya dame ni, don mace ce da ta yi mini hidimar uwa.

Da la'asar na sauka Glenwood. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, ya kuma kawo ni zamanin da jakadan da ya dawo hannu rabbana tuwon Lahadi na gidan Hajiya kawai yake rasawa, ba kansa ba.