Kande Ta Kyafa Citta

A bakin ruwan Yelwa, in ka tambayi gidan Kande mai banda ba wanda zai ɗaga hannu ya nuna maka. Cewa za a yi ka bi hancinka. Tun tana budurwa a tsohon ƙauyensu, wanda ruwan Kainji ya haɗiye, take kyafa kifi, har ta tsufa idonta bai daina ja ba. Mijinta Dogo ya kamo ta kyafa, da ya rasu wasu suka ci gaba da kamowa. Kifinta kan kai har Kudu bai yi tsutsa ba. Wannan gaskiya ne, in ka manta ma ita za ta tuna maka.

Ciwon Kande ɗaya ne: ta yarda hayaƙi maganin komai ne. Nama, hayaƙi. Tabarma ta yi kuɗin cizo, hayaƙi. Ɗan maƙwabta na mura, ta ce a zaunar da shi bakin murhu. Ba ta tambayar kowa yadda ake yin abu, don a wurinta tambaya aikin malalata ne.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ɗanta na fari Lukman ya samu aiki a Birnin Kebbi. Sunansa ba ta faɗa, Ɗangana take ce masa, amma aikin kam ba wanda bai ji ba, har masu tsallaka ruwa. Da matarsa ta haihu ya ce a gidan uwarsa za a yi suna, kuma abokan aikinsa za su zo.

"Inna, abu guda nika roƙo," in ji shi. "A yi musu lemon citta, amma da ɗanya. Shi aka sha Birni yanzu."

Kande ta ji daɗi har cikin ranta. Ta san ana kiran gidanta gidan ƙarni a bayan idonta, abin kuma yana mata zafi. Ta ƙudura ranar nan ɗanta zai ɗaga kai a gaban mutanensa, ita ce kuma za ta sa ya ɗaga.

Ita busasshiyar citta ta sani, wadda ake dakawa a yaji. Ɗanyar kuwa sai masu lori sun kawo daga kudancin Kaduna. A kasuwa Zaidu mai kayan miya ya karya mata guda, ruwa ya tsatso, ƙamshi ya tashi. Ya soma bayanin yadda ake ajiye ta, ta ce citta ta zo saye ba wa'azi ba. Ta cika kwando ta yi gida.

Maƙwabciyarta Barakatu uwar Bitrus, matar manomi ce daga Ngaski, ta leƙo ta katanga.

"Innar Lukman, abin ga ba shi son zahi. Zuba yashi mai laima gindin randa ki binne ta, tana kai suna garau."

"Binnewa? Maman Bitrus, mu gawa muka binnewa, ba abinci ba. Ku da kunka saba da tonon ƙasa ku binne naku."

Barakatu ta ce Allah ya ba da sa'a, ta janye kanta.

Kande ta wanke cittar ta jera a ragar banda, ta jera tarwaɗa a ragar sama, don ita ba ta asarar itace. Wuta ta kama, man kifi ya dinga ɗiga, citta ta dinga sha. Da ta sauke ta, ta yi baƙi tana sheƙi, Kande ta kai hanci ta ce ai ga ajiya. Hancin da ya tsufa cikin banda ina zai ji ƙarnin kifi? Ranar suna aka kankare, aka daka, aka tace, aka zuba sukari. Matan da suka taya ta aiki, wasu hancinsu irin nata ne, sauran kuma suna son zaman lafiya.

Da hantsi baƙin Birni suka zauna a rumfa, shadda sai ƙara take. Kande ta tura kofuna, ta laɓe a zaure tana leƙe. Babban cikinsu, mai tumbi, ya yi bisimilla ya kafa kai. Sai ya tsaya, kumatu cike, yana duban sama. Da ƙyar ya haɗiye.

"Malam Lukman," ya ce, "da ka faɗa romo za a kawo, da mun nemi cokali."

Sauran suka sunkuya kamar masu gyara takalmi, suna tsiyayar da nasu a ƙasa. Da asirin ya rufu, ba don kyanwoyin unguwa ba. Daga ko'ina suka fito, suka kewaye ƙafafun manyan baƙi suna lasa suna faɗa. Wani ya tuntsire da dariya, rumfar duk ta ɗauka. Lukman ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, bai ko dubi zaure ba.

Kande ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Zaidu ne ya sayar mata da cittar banza, mutanen Birni kuma ba su da harshe. Haka ta yi ta faɗa wa duk wanda ya zo sayen kifi, ko bai tambaya ba.

Da aka sake haihuwa, a Birnin Kebbi aka yi suna. Aka aiko mata mota da sabon zane, aka zaunar da ita a kujera mai laushi. Da ta ji ƙarar turmi ta miƙe ta nufi madafa tana gyara ɗauri. Lukman da kansa ya tare ƙofar.

"Inna, ki huta. An gama komi."

"Ko albasa ban yankawa, Ɗangana?"

"An yanka, Inna."

Ta koma ta zauna cikin baƙi, ta ɗora hannuwanta a cinya, ta rasa abin da za ta yi da su.